Dandalin 'Yan Mata: Mai Shirin Zuwa Ikko Hutu, Tsaya Ki Ji

  

Cikin wasiƙun da suka shigo wannan fili kwanan nan, da dama maganarsu ɗaya ce. Wannan za ta wurin yayarta da ke aure a Agege, waccan wurin kawunta a Idi-Araba, wata kuma an yi mata alkawarin in ta ci jarrabawa za a kai ta ta ga teku da idonta. Tambayar duk ba ta wuce: Anti, wane kaya zan ɗinka, wane yayi ake yi a can? To na ji, kuma zan amsa. Sai dai ni ba daga yayi zan fara ba, daga yanayi zan fara, don wadda ta shirya akwatinta da lissafin zafin Kano, ranar da ta sauka Ikko za ta ga rabin kayan ba su da amfani.

Kin ga mu nan a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Amma iskarmu busasshiya ce. Kina yin gumi yana bushewa, shi ya sa za ki ga farin gishiri-gishiri a bayan rigarki da yamma, shi ya sa kuma ruwan randa yake sanyi, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa yana tafiya da zafin. Jikin ɗan Adam ma haka Allah Ya yi shi, bushewar gumi ita ke sanyaya shi. A Ikko kuwa ma'aunin ba ya cika wuce 32 ko 33, sai ki ce ai da sauƙi. Ina! Iskar can a ƙoshe take da danshin teku, ba ta da wurin karɓar naki gumin. Sai ya zauna a jikinki yana naso, riga ta manne miki, ki yi wanka ki fito kamar ba ki yi ba. Ko wanki kika shanya da safe, la'asar za ta yi bai gama bushewa ba. Wannan kuma lissafin ƙaramin hutu ne na Afrilu, lokacin da ruwa ya fara sauka a can. Wadda za ta je dogon hutu a Agusta za ta tarar da gari a lumshe, ruwan ya ɗan tsagaita, da dare har ta nemi abin rufa.

Sannan don Allah ku daina ruɗuwa da hotunan kayan zafin Turawa. Nasu lokacin zafin daga Yuni ne zuwa Agusta, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. Mutanen da suka yi watanni cikin ƙanƙara rana suke nema ta taɓa jikinsu, mu kuwa gudunta muke. Ko an ajiye maganar tarbiyya a gefe, wadda ta bar kafaɗa da hannu a buɗe a ranarmu ita ce za ta fi kowa jin jiki.

Abin da kike buƙata shi ne yadin da iska ke ratsawa, ya sha gumi ya kuma sake shi. Auduga ke nan. Atamfa ta gaskiya auduga ce, amma yanzu kasuwa ta cika da masu kama da ita, zane mai kyau, launi mai ɗaukar ido, araha kamar a gonar uba, alhali rabinta ko dukkanta roba ce. In kin je Kantin Kwari kada ki tsaya a kan kyan fulawa. Ki damƙe gefen yadin a tafin hannunki ki saki. Auduga za ta ɗan yamutse, mai roba kuwa za ta miƙe sumul kamar ba a taɓa ta ba. In kina da shi a gida kina tantama, ki zaro zare biyu daga bakin yadin ki kusanta su da ashana a tsakar gida. Auduga za ta ci wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi. Roba za ta narke ta dunƙule ta yi ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan ƙwallon shi kike shirin sakawa a jikinki cikin danshin Ikko.

Ga wani wurin da ake cutar kai ba a sani ba: shafi. Ki sayi atamfarki mai tsada, ki kai wa tela, ya shafe cikinta da yadin roba mai santsi don ɗinkin ya tsaya. Shi ke nan kin sa leda kin ɗora atamfa a kai. Ki gaya masa ƙarara, ko ya bar ta ba shafi, ko ya sa na auduga marar nauyi. Kuma sabuwar atamfa a wanke ta sau ɗaya kafin tafiya, sitacin kamfani ya fita, ƙofofin zaren su buɗe.

Shadda da leshi mai duwatsu, ɗaya ya isa, shi ma don ko biki ko suna ya taso. Ragowar akwatin ki cika shi da bubu, dogayen riguna masu faɗi, da riga da zani marasa matsewa. Na san ɗinkin da ake yayi shi ne wanda sai an riƙe numfashi ake jan zif, to ki bar shi a gida. Duk inda yadi ya matse fata gumi ya taru, nan ƙurajen zafi suke fitowa, a wuya, a ƙugu, a ƙarƙashin ƙirji. Mayafi ya zama marar nauyi. Hijabin nan mai taushi mai miƙewa kamar roba yana da daɗin sawa, amma yana riƙe zafi, gara na yadi mai shara-shara kaɗan wanda ba ya nuna jiki. Ki yi kitso ƙanana kafin ki tafi, kada ki riƙa tura jiƙaƙƙen gashi cikin ɗankwali, wari yake yi. Launi mai haske ya fi sanyi a rana, sai dai ki tuna farin yadi in ruwan sama ya taɓa shi ba ya rufa wa kowa asiri, kuma ruwan Ikko ba ya sallama. Lema ƙarama ta zauna a jakarki.

Maganar da ba a cika yi ba kuma, tunda mu ya mu ne: kayan ciki. Su zama na auduga, ki tafi da su da yawa, ki canja safe da yamma, kuma kada ki sa wanda bai gama bushewa ba. In ya ƙi bushewa ki bi shi da dutsen guga. Ƙaiƙayin da 'yan mata suke jin kunyar faɗa wa iyayensu, sau tari daga danshi yake farawa.

Takalmi mai tsini ba shi da aiki a garin da ruwan awa ɗaya yake cika titi da kwata. Silifas mai kyau da takalmin roba mai maɗauri sun ishe ki.

Kwalliya ma sai an rage hannu. Basilin da man da ya cece ki a hunturu, a can toshe fata zai yi. Hoda mai kauri kafin ki kai bakin titi ta yi layi-layi a fuska. Kwalli, ɗan man leɓe, hoda kaɗan, kin gama. Humra a ɗiga, kada a zuba, domin turare mai mai in ya haɗu da gumi cikin motar haya ba ƙamshi yake bayarwa ba. Sarƙa da 'yan kunnen da ba zinare ba kuwa iskar gishiri tana dusashe su, ki naɗe su a ƙyalle.

Masu shafa man bilicin, ku matso. Wannan duhun da kuke kankarewa shi ne rigar da ke tare wa fata zafin rana. A bakin teku rana biyu ce, ta sama da wadda ruwa da farin yashi suke dawowa da ita. Fatar da aka ɓare ba ta iya ɗauka, nan da nan kumatu su ƙone su yi baƙi, ga gaɓoɓin yatsu dama sun riga sun tona asiri. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ce shafe-shafen nan ya zama babbar barazana ga lafiyar al'umma, saboda sinadaran da ke cikin wasu mayukan suna taɓa har ƙoda. Mai kuɗin sayen wancan man tana da kuɗin sayen man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka. Wannan ba ya canja launi, kare shi yake yi.

To mu je bakin ruwan, don nan ne ainihin abin da ya sa na zaɓi wannan magana.

Iyayenmu da suka zauna Ikko in suna labarin teku Bar Beach suke kira. A can ake zuwa yawon Sallah, a can kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar Oyenusi a 1971. In mama ta ce ki gaishe mata da Bar Beach, ki gaya mata babu shi. Tun ƙarshen shekarun 2000 aka fara cike wurin da yashi, yau sabuwar unguwar Eko Atlantic ce a kai. Wani wurin shaƙatawar ma mai suna Landmark an rushe bakin ruwansa a 2024 saboda sabon titin gaɓar teku da zai tafi Kalaba. Yanzu mutane sun fi zuwa ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, inda ake biyan kuɗin shiga. Akwai Tarkwa Bay, wanda sai an hau jirgin ruwa, kuma ruwansa ya fi na sauran kwanciya saboda katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar jiragen ruwa. Akwai kuma Badagry, can wajen iyakar Jamhuriyar Benin. Da ni za a tambaya, can zan ce a kai 'yar makaranta, domin ban da ruwa da itatuwan kwakwa za ta ga gidan bene na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Nijeriya, ta ga sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su, ta taka hanyar da aka bi da su zuwa bakin teku inda ba a dawowa. Ta koma aji da abin faɗa wanda ya fi hoto.

Ko ina aka kai ki, ki riƙe wannan: teku ba dam ɗin Tiga ba ne, ba kogin Wudil ba ne. Mu da muka tashi a tudu ba mu san halinsa ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne. A fim ɗin Indiya za ki ga yarinya tana gudu cikin ruwa mayafi yana tashi, saurayi yana binta da waƙa. A littafin soyayya ma ango yakan kai amarya bakin teku su tsoma ƙafa suna hira. To a littafi marubuciya ce ke riƙe da linzamin igiyar ruwa, in ta ga dama ta tsayar da ita sai an gama zance. Tekun Atlantika ba shi da marubuciya.

Ga yadda yake yi. Igiyar ruwa ta taso ta bugi gaɓa, to dole ruwan nan ya koma. Wajen komawar yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki, sai ki ji ƙasa tana zamewa alhali ba ki motsa ba. A wasu wuraren kuma ruwan da ke komawa yana haɗuwa ya yi hanya guda mai ƙarfi kamar kogi a cikin teku, yana ja zuwa ciki. Abin tsoron, wurin da wannan hanyar take shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya, don za ki ga babu kumfa sosai, ruwan ya ɗan yi duhu ya kwanta tsakanin raƙuman ruwa biyu. Baƙuwa sai ta ce bari in tsaya nan da ba hayaniya. Ƙwararrun masu iyo ma yana gajiyar da su, balle wadda iyakar ruwanta bokitin wanka.

Sai kuma kayanmu. Doguwar riga da hijabi har ƙasa sutura ce a tudu, amma in suka sha ruwa nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, hijabin ya rufe fuska ko ya riƙe hannu. Zani kuma igiya ɗaya ta isa ta kwance shi, kina ƙoƙarin kama zani ruwa yana ƙoƙarin kama ki. Ba cewa nake ki tuɓe ba, cewa nake ki san iyakarki. Ki sa dogon wando a ciki, riga mai kai gwiwa, ƙaramin hijabi da ba ya jan ƙasa. Ruwa ya tsaya miki a idon sawu. In ya kai gwiwa kin yi nisa. Kada ki juya wa teku baya don a ɗauke ki hoto, domin igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, ƙanana biyar za su zo ki saki jiki, ta shida ta zo da abin da ba ki zata ba. Kada ki hau duwatsu, santsi gare su. In an kafa jan tuta ko masu gadin wurin sun ce a fito, a fito ba gardama. A watannin damina, wato daidai dogon hutu, ruwan ya fi hauka. Ƙananan yara kuma a hannu ake riƙe su, ba da ido ba.

In ƙaddara ta sa ruwa ya ja mutum, abin da masana suke koyarwa shi ne kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, nan ƙarfi yake ƙarewa. Ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya yi ihu. Mai iya iyo ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, don ba ta da faɗi sosai. Ke da kike tudu kuma, ko ƙanwarki ce, kada ki faɗa. Ki kwarma ihu, ki kira masu ceto, ki jefa mata duk abin da ke iya tasowa, ko jarkar da ba komai a ciki. An sha rasa mutum biyu a inda da ɗaya za a ceto. Jirgin ruwa kuma, in babu rigar ceto kada ki shiga, in an ba ki ki ɗaura ta da kyau ko da za ta ɓata miki kwalliya, kuma a dawo kafin duhu.

Na tsorata ku ko? To mu koma kan abin daɗi.

Tafiyar mota daga Kano zuwa Ikko ta kai kimanin kilomita 1,000, don haka guzuri ya zama busasshe: dambun nama, kilishi, cincin, dabino, gyaɗa. Shinkafa da miya ko fura da nono ba sa kai Lakwaja da mutuncinsu.

A can kuma ki ci abin da lokaci ya kawo, shi ya fi araha shi ya fi daɗi. Mai zuwa a Afrilu za ta riski ƙarshen agwaluma da tsakiyar mangwaro, ga abarba da gwanda. Daga Mayu zuwa Agusta lokacin sabuwar masara ne, za ki gan ta ana gasawa a kowace kwana, ana haɗa ta da kwakwa ko da wani ɗan itace mai duhun shuɗi da suke kira ube, wanda in an gasa shi yake narkewa kamar man shanu. Akwai gasasshiyar agada, wato ayabar nan ta suya, suna ce mata boli, ana ci da gyaɗa. A bakin teku ki sa a sare miki ɗanyar kwakwa a gabanki ki sha ruwanta. A rufe Allah Ya halicce ta, ba hannun da ya taɓa cikinta, ta fi miki kowane lemon kwalba. In kewar tuwo ta taso kada ki damu, kasuwar Mile 12 cike take da 'yan uwanmu da tumatir da albasa da tattasan da aka ɗauko daga gida.

Kifin teku ɗanye ki duba idonsa ya zama garau, cikin kunnensa ja, in kin danna tsokar ta dawo. In ya fara wari ko yaji nawa aka zuba masa ki haƙura. Kaguwa da jatan lande na san wasu za su yatsina fuska su ce ya halatta kuwa? Malamanmu na Malikiyya sun halatta abin da ke rayuwa cikin teku. Sai dai akwai jinin da ba ya karɓarsu, don haka ranar farko ki ɗanɗana kaɗan. In kika ji leɓe yana kumbura, jiki yana ƙaiƙayi, ko numfashi yana sarƙewa, ba maganar jiƙo ba ce, asibiti za a nufa a take.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin sha. Zafi yana sa mutum ya karɓi duk abin da aka miƙo masa mai sanyi. A watan Yunin 2024 cutar kwalara ta ɓarke a Ikko, aka rasa rayuka, kuma jami'an lafiya na jihar suka ce da yawa daga waɗanda suka kamu a wani yanki sun sha kunun aya na roba wanda ba shi da rajista. Kunun ayarmu dai da muke ji da shi. Laifin ba na aya ba ne, na ruwan da aka haɗa shi ne da hannun da ya haɗa. Ko a gida kika yi shi da tsafta, in babu firji awoyi kaɗan yake yi ya juya. Haka zoɓo, haka ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, don sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Kankana da abarbar da aka yanka aka ɗaure a leda tun safe su ma a bar su. Ki sayi guda, ki wanke bayanta, ki yanka da wuƙarki.

In gudawa ta kama wani a gidan, kafin a kai ga asibiti a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. In akwai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi, ki sa guda biyu a gefen akwatinki kusa da kayan kwalliya. In kuwa bayan gidan ya koma fari kamar ruwan shinkafa, ko ga amai, ba a jira gari ya waye.

Masu tambayar tsaraba, kasuwar Balogun tana da yadi iri-iri, amma ki tafi da 'yar gari, ki riƙe jakarki a gaba, kuma gwajin damƙa da na gaya miki yana aiki a can ma.

Wadda ta je ta dawo ta rubuto mana abin da ta gani, za mu buga a wannan fili. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu yi maganar lallen amare da yadda ake gane wanda aka haɗa da rini mai ƙona fata. Ku gaida mutan gida.

Taku har kullum.